Ledar gilashin shago: duhu daban, sanyi daban

Duk mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko kuwa daga Damagaram zuwa Maigatari, ya ga yadda fuskar shaguna take canjawa. Inda a da sai ƙofar ƙarfe da ƴar taga ta katako, yanzu sabbin gine-gine da alminiyam da gilashi ake rufe gabansu, musamman wajen masu sayar da wayoyin salula, da masu magani, da ƴan canji, da masu atamfa da shadda. Gilashi yana da kyan gani, yana rage ƙura, yana kuma bai wa mai wucewa damar hango haja tun daga bakin titi. Sai dai da zarar bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, mai shagon da ke fuskantar yamma yakan gane cewa tanda ya gina wa kansa. Daga nan ne ake kiran mai liƙa leda, shi kuwa tambayarsa ba ta wuce ɗaya: "Alhaji, mai duhu sosai za a sa, ko mai dama-dama?"

Akasarin mutane mai duhun suke zaɓa, bisa tunanin cewa gwargwadon baƙinta gwargwadon sanyin da za ta kawo. Wannan tunani ne muke son mu yi masa duba na tsanaki, domin kuwa yana iya jawo wa ɗan kasuwa asara ta fuskoki da dama: ya biya kuɗin leda, ya koma kunna ƙwan lantarki da rana tsaka, mai saye ya daina ganin kayansa daga waje, zafin kuma bai tafi yadda ya zata ba.

Ita dai wannan leda da foliyesta ake yin ta, kaurinta bai ma kai na gashin kai ba, kuma akan liƙa ta ne ta cikin ɗaki da ruwan sabulu. Ba sabon abu ba ce, tun a 1966 kamfanin 3M na Amurka ya sami rajistar mallakar fasahar ledar tare rana. A yau masana'antu da yawa ne ke yin ta, a Amurka da Turai da Asiya, kuma yawanci nannaɗe take zuwa, faɗinta mita 1.52, tsawonta kamar mita 30.

Lambar da ke jikin kwali

Idan mai karatu ya duba kwalin leda ko takardar da ke tare da ita, zai ga harufa uku, VLT, da wata lamba a gefensu. A kayan da suka fito daga ƙasashe masu amfani da Faransanci akan rubuta TL. Ma'anarsu ɗaya ce, wato kashi nawa ne cikin 100 na hasken da ido ke gani yake ratsawa ya shiga ɗaki. Ledar da aka rubuta wa 70 tana barin kashi 70 ya wuce, da ƙyar ma mutum zai lura an liƙa wani abu. Mai 35 ta fara duhu. Mai 20 duhunta a fili yake, mai 5 kuwa ita ce baƙa ƙirin irin wadda ake gani a motocin manya. Kenan gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon duhu. Muna jaddada wannan ne saboda akwai masu ɗaukar abin a baibai, su zaci mai 70 ta fi mai 20 duhu. Sau da yawa lambar tana cikin sunan ledar ma, kamar a ce Silver 20.

Farin gilashi na yau da kullum, mai kaurin milimita 3 zuwa 6, shi kansa ba ya barin haske duka ya wuce. Kimanin kashi 88 zuwa 90 ne ke shiga, saura ya koma waje ko gilashin ya shanye. Manyan kamfanoni sukan auna ledarsu ne a kan irin wannan farin gilashi, don haka lambar tana gaskiya muddin gilashin shagonka fari ne. Inda gizo ke saƙar shi ne a gine-ginen da tun farko aka sa musu gilashi mai launi, ruwan ƙasa ko shuɗi ko baƙi-baƙi, wanda ya zama ruwan dare a sabbin benaye. Irin wannan gilashi yana iya riga ya cinye rabin haske. Idan aka ɗora masa leda mai 35, ninkawa ake yi: kashi 35 na rabi, abin da zai shiga bai wuce kashi 18 zuwa 20 ba. Mutum ya sayi mai 35, ya tashi da duhun mai 20.

Ido kuma ba alƙalin kirki ba ne a wannan shari'a. Allah ya halicce shi da saurin sabawa da ƙarancin haske, shi ya sa ledar da ta rage rabin haske ba ta bayyana wa mutum a matsayin rabin duhu. Ƙari a kan haka, mai liƙawa yakan ɗaga ɗan yankin leda ne a waje, cikin tsakar rana, inda komai ke ƙyalli, sai a ga kamar ba ta da wani duhu. Masana suna auna haske da ma'aunin da ake kira luks. Rana tsaka a fili takan kai luks 100,000, amma abin da ke isa ƙuryar shago ɗan kaɗan ne daga ciki, domin hasken taga ba ya yin nisa da ƙarfinsa fiye da kamar ninki biyu na tsayin tagar daga ƙasa. Ƙa'idar Turai ta hasken wuraren aiki ta nemi luks 300 a filin sayar da kaya, da 500 a teburin karɓar kuɗi. To mu ɗauka, alal misali, ƙuryar shagonka tana samun 400 da farin gilashi. Da leda mai 70 za ta koma wajen 315. Da mai 50, wajen 225. Da mai 20 kuwa sai ta faɗo 90, wanda a cikinsa ƙirga kuɗi da karanta ƙananan rubutun jikin kwalin magani sai da ƙwan lantarki. Waɗanda suka ga yadda aka yi fama a Nijar tsakanin Agustan 2023 da Maris na 2024, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba sa buƙatar a gaya musu darajar shagon da ke iya ciniki da hasken Allah kawai.

Ina zafin yake?

Abin da rana ke aikowa ƙasa kashi uku ne. Akwai hasken da ido ke gani, wanda ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na ƙarfinta. Akwai wanda ido ba ya gani amma fata ke jin ɗuminsa, wanda ake rubutawa IR a jikin kwali, shi ne kusan rabi ko ɗan fiye. Sai kuma ɗan ƙaramin kaso, kamar 3 zuwa 5, da ake kira UV, mai ƙona fata da kashe launin tufafi. Lambar VLT tana magana ne a kan na farkon kawai, ba ruwanta da sauran biyun. Shi ya sa leda biyu za su iya zama da duhu iri ɗaya, ɗaya ta tare zafi sosai, ɗayar kuwa ta bar shi ya shige.

Bambancin yana cikin abin da aka yi ledar da shi. Mafi araha ita ce ta rini. Ita ba ta mayar da rana waje, shanye ta take yi, gilashin ya ɗau zafi, sannan ya juye wani kaso nasa cikin ɗaki. Ko da ta yi baƙi ƙirin, abin da take tarewa na zafi bai cika wuce rabi ba. Ita ce kuma ke komawa ruwan hoda-hoda mai shuɗi bayan ta sha rana, ta yi ta kumburi kamar ƙuraje. Ta biyu ita ce mai ƙarfe, wadda aka shafa wa ɗan siririn alminiyam ko wani ƙarfe, mai ƙyalli kamar madubi. Wannan ita ce gwanar korar zafi a farashi mai sauƙi: mai ruwan azurfa da lamba 20 takan tare kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin rana, har da ɗoriya. Ta uku ita ce ta zamani, ko dai ta seramik ko mai siraran shimfiɗu masu yawa, wadda aka tsara ta don ta bar hasken ido ya wuce ta tare wanda ba a gani. Mai kyau a cikinsu, da lamba 70, tana iya tare wajen rabin zafin rana alhali gilashi na nan garau. Wato ledar da kusan ba a ganinta tana iya yin aikin da baƙa ƙirin ta rini ba ta yi ba. Aibinta ɗaya, tsada.

Saboda haka lamba ta biyu da ya kamata a nema ita ce TSER, wato jimillar kason ƙarfin rana da leda da gilashi suka hana shiga. Ita gwargwadon girmanta gwargwadon kyanta. Wasu kamfanonin sukan rubuta kishiyarta, SHGC, ko harafin g a kayan Turai, wadda ke nuna abin da ya shiga, ita kuwa ƙarama ake so. Farin gilashi tsurarsa yana da kimanin 0.85, wato kusan komai yana shigewa.

Bari mu yi lissafi na misali don a ga girman abin. Shago mai gilashi murabba'in mita 6 yana fuskantar yamma. Da la'asar, a ce kowane murabba'in mita yana karɓar wat 600 na rana. Da farin gilashi, sama da wat 3,000 ne ke shiga ɗakin. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wadda wasu ke kira kilim wasu esi, abin da take iya fitarwa na zafi wajen wat 3,500 ne. Kenan kusan duk aikinta a wannan lokaci kokawa ce da taga, ba a ma zo kan zafin rufin kwano da na jikin mutane ba. Leda mai tare rabi za ta sauko da shi zuwa 1,800, mai ruwan azurfa kuwa wajen 900. Duk mai sayen man janareto ya san abin da wannan ke nufi a ƙarshen wata. Mai kantin magani ya fi kowa buƙatar wannan lissafi, tunda a jikin kwalayen magunguna da yawa an rubuta kada a ajiye su inda zafi ya wuce 25 ko 30.

A nan ya kamata mu ja kunne a kan wata dabara ta masu talla. Sukan zo da ɗan akwati mai jan ƙwai, su ce ka sa hannu a bayan farin gilashi ka ji zafi, sannan ka sa a bayan ledarsu ka ji shiru, su nuna maka an rubuta IR 95 ko 99. Ba lallai ƙarya suke yi ba, amma wannan ƙwan kusan IR kawai yake fitarwa, kuma sau da yawa a ɗan taƙaitaccen yanki na IR ɗin aka auna lambar. Rana kuwa, kamar yadda muka faɗa, sama da kashi 40 na ƙarfinta a cikin hasken ido yake, kuma duk hasken da ya shiga ɗaki ya sauka a kan kaya zafi yake komawa. Babu ledar da za ta bar kashi 70 na haske ya wuce sannan ta tare kashi 99 na zafi. Wanda ya ce maka haka, nemi ya nuna maka TSER.

Kowace sana'a da tata

Ga mai atamfa, shadda, leshi da yadi, magana biyu ce: koɗewa da launi. Masu yin leda sukan kasa dalilan koɗewa kamar haka: UV kashi 40, hasken ido 25, zafi 25, sauran abubuwa 10. Leda mai inganci, ko mai haske ce ko mai duhu, tana tare kusan kashi 99 na UV, don haka ba sai an duhunta shago ba kafin a sami wannan kariya. Amma a lura, rage koɗewa take yi, ba ta hana shi, kuma turmin da ya shekara a jikin gilashi yana kallon rana sai ya nuna alama. Batun launi kuwa ya fi wannan muhimmanci a ganinmu. Leda mai ruwan ƙasa, shuɗiya ko koriya tana rina duk hasken da ya ratsa ta. Farar shadda ta koma kamar ruwan madara, shuɗi ya rikiɗe, mace ta zaɓi anko ta kai gida ta ga ba shi ba ne. Dama can al'adar masu saye ce su fita da yadi waje su duba a rana, kuma shagon da ke ƙara musu shakka ciniki yake kora. Ga irin wannan sana'a, ba mu ga dalilin sauka ƙasa da 50 ba, 60 zuwa 70 ya fi, kuma a zaɓi marar launi ko mai ɗan toka-toka.

Mai wayoyi da kayan lantarki, wanda ya kashe kuɗi a gilashi don a ga hajarsa daga titi, idan ya liƙa mai ƙyallin madubi ya rushe abin da ya gina, domin mai wucewa fuskarsa kawai zai gani. Akwai kuma wata matsalar: ledar ƙarfe tana iya raunana sigina ta waya, musamman a ɗakin kankare mai ƙofar ƙarfe wanda dama ta gilashin ne sigina ke shiga. Mai harkar tura kuɗi ta waya ya gwada kafin ya rufe gilashinsa duka. Ta seramik ba ta da wannan illa.

Ƴan canji da masu gwal kuwa sirri suke nema, kada na waje ya ga abin da ake ƙirgawa. Leda mai duhu ko mai madubi tana ba da wannan, amma da rana kawai. Babu wani siddabaru a cikinta: ɓangaren da ya fi haske shi ne ake gani daga ɓangaren da ya fi duhu. Da an yi magariba aka kunna wuta a ciki, sai reshe ya juye da mujiya, na waje yana ganinka tas, kai kuwa hoton kanka kake gani a gilashi, ba ka san wanda ke tsaye a bakin ƙofa ba. Ga mai riƙe da kuɗi wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Maganinsa labule, ko farar leda mai kama da hazo, wadda ke barin haske mai yawa ya shiga amma ta hana gani dare da rana. Kada kuma a rikita ledar rana da ledar tsaro. Ita ta tsaro mai kauri ce, galibi garau take, aikinta riƙe tarwatsattsen gilashi idan an doke shi, tana jinkirta ɓarawo amma ba ta maye gurbin ƙofar ƙarfe.

Ofis, ɗakin ajiya da ɗakunan sama na gida, inda ba a baje haja, su ne wuraren da 20 zuwa 35 ke da amfani, musamman don kashe ƙyallin da ke hana ganin allon kwamfuta da talabijin.

A nan ma sai an duba inda taga ta fuskanta. A yankinmu, tsakanin Kano da Tawa, rana tsaka kusan a tsakiyar kai take, don haka tagogin gabas da na yamma su ne ke shan duka, na yamma ya fi tsanani saboda ya haɗu da zafin la'asar. Tagar kudu sai a lokacin hunturu take samun rana sosai, lokacin da ba a ƙi ɗumin ba. Ta arewa tana ɗan samu ne daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, shi ma a karkace. Ba dole ba ne a sa wa duk tagogi leda iri ɗaya, kuma wata tagar ba ta buƙatar komai. Hasali ma rumfa, ko ta kwano ce ko ta zana, ko inuwar bishiyar dogon yaro, ta fi kowace leda aiki, saboda tana tare rana tun kafin ta taɓa gilashi. Inda hukumar kasuwa ko mai gida suka yarda a kafa rumfa, da ita za a fara. Tagar nako kuwa, wadda wasu ke kira luba, liƙa mata leda wahala ce kawai, tunda a buɗe take wuni.

Wasu sukan sayi ragowar ledar mota su liƙa a gini saboda araha. Ba mu ba da wannan shawara ba. Gilashin gefen mota an gasa shi ne ya jure zafi, na gini kuwa galibi ba a gasa shi ba. Idan baƙar leda ta shanye rana, tsakiyar gilashi ya yi zafi ya buɗe, gefen da ke cikin firam yana da sanyi, sai ya tsage. Alamar irin wannan tsagewa ita ce takan faro daga baki a miƙe, sannan ta yi ta lanƙwasa, ba tare da an jefe shi da komai ba. Haɗarin ya fi yawa a gilashi mai launi, da mai faɗi sosai, da wanda aka yanka bakinsa da kaushi, da wanda inuwa ke rufe rabinsa rana na dukan rabi. Su ma motocin dokarsu daban ce: Najeriya tana da dokar 1991 a kan baƙin gilashin mota, Faransa kuwa tun farkon 2017 ta wajabta kada gilashin gaba ya gaza kashi 70.

Kafin a biya kuɗi, a nemi takardar bayanin ledar mai ɗauke da VLT da TSER da sunan kamfani. Leda marar suna, wadda sai dai mai ita ya ce "mai kyau ce", ba ka san abin da ka saya ba. A karɓi yanki kamar faɗin takarda na iri biyu ko uku, a manna su a gilashin shagon da ruwa, a bar su wuni guda, a duba su da hantsi da la'asar, daga ciki da daga waje, a kuma ɗora yadi ko kaya a bayansu a ga launi. Akwai ƴar na'ura ta auna VLT da ake maƙala wa gilashi, amma ko babu ita, wayoyi da yawa suna iya auna luks da manhaja kyauta. A auna a wuri guda da leda da kuma babu ita, a raba ƙaramar lamba da babba, za a sami kusan gaskiyar abin, ko da ba daidai wa daida ba.

Sannan a yi magana a fili da mai liƙawa, gara ma a rubuce: idan gilashi ya tsage, ko leda ta kumbura ko ta canja launi cikin shekara, wa zai biya? Ranar aiki a rufe ƙofa, a yayyafa ruwa a ƙasa, kada a yi shi cikin iskar hunturu, domin duk ƙwayar ƙurar da ta shiga ƙarƙashin leda ta zauna kenan. Ɗan hazo da ƙananan kumfar ruwa da ake gani a kwanakin farko sukan bushe da kansu, kada a huda su. A bar ta kamar wata guda kafin a wanke, kuma a gaya wa yaron shago: tsumma mai laushi da ruwa, ban da reza, ban da soson ƙarfe, ban da goge ƙura a bushe.